Jan Zumbach: Gwarzon Landan da ya jefa bam a Makurdi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako daga nan Bafarawa, don waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau labarin wani Bature za mu ɗauko, mutumin ƙasar Poland, matuƙin jirgin yaƙi, sunansa Jan Zumbach. Kada ku ce ina ruwanmu da shi. Ku biyo ni, ƙarshen labarinsa a Najeriya ya sauka.

An haife shi ranar 14 ga Afrilu, 1915, kusa da birnin Warsaw. Tun yana yaro ba abin da yake so sai tuƙin jirgi, mahaifiyarsa kuma ta ƙi. Sai ya ƙirƙiri sa hannunta a takarda, ya shiga soja. A 1938 ya gama makarantar sojan sama ta Dęblin.

Da Jamus ta afka wa Poland a watan Satumba 1939, shi yana jinyar karayar ƙafa, bai samu ya kare ƙasarsa ba. Cikin 'yan makonni Jamus da Tarayyar Sobiyet suka raba Poland tsakaninsu. Ya tsere ta Romaniya, ya isa Faransa. Faransa ma ta faɗi a 1940, ya ƙetara Ingila.

A can ne aka sa shi cikin runduna ta 303, ta 'yan Poland masu gudun hijira. Da farko Turawan Ingila sun raina su, wai ba su jin Turanci. Amma da jiragen Hitler suka fara ruwan bama-bamai a kan Landan, wannan runduna ta shiga sahun waɗanda suka fi kakkaɓo jiragen Jamus. Zumbach shi kaɗai ya harbo guda 8 a wannan gumurzu. A 1942 ya zama kwamandan rundunar.

To, a nan labarin ya juya. An ci yaƙi a 1945, amma Poland ta faɗa hannun Stalin. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi yaƙi tare da Birtaniya sun ji tsoron komawa, don sabuwar gwamnati kallon maƙiya take yi musu. Ko a babban faretin nasara na Landan a 1946 ba a ga sojojin Poland ba. Mutum ya yi shekara shida yana yaƙi don gida, ya waiwaya ba gidan.

Mu mutanen ƙasar Gobir mun san wannan ciwo. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, jama'a watsewa suka yi, wasu har Tsibiri, can kusa da Maraɗi.

Me Zumbach ya iya ban da jirgi da bindiga? Sai ya shiga fasa-ƙwauri da jirgin sama, daga baya ya buɗe gidan rawa a Paris. A 1962 Moïse Tshombe ya ɗauke shi haya ya kafa wa Katanga rundunar sama, bayan da yankin ya ɓalle daga Kwango.

Sai 1967. Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu. Zumbach, da sunan bogi John Brown, ya tuƙo wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar B-26 ya kawo Enugu. A watan Yuli, da yaƙin basasa ya ɓarke, ya kai hari filin jirgin saman Makurdi. Ku duba fa. Mutumin da ya kare mazauna Landan daga bam, shi ne yake sakin bam a ƙasar da ba ta taɓa yi masa komai ba. Waɗanda ke ƙasa a ranar, sojojin tarayya ne da talakawan gari, ba 'yan Nazi ba.

Ya rasu a Faransa ranar 3 ga Janairu, 1986. Gawarsa ce ta koma Warsaw, aka binne shi a maƙabartar sojoji.

Me ya sa na ɗauko wannan labari? Saboda a Isa da Sabon Birni yau akwai samari da yawa da suka ɗauki makami don kare garuruwansu daga 'yan bindiga. Wasu ƙannenmu ne, wasu abokan karatunmu. Wallahi sun cancanci godiya. Amma wa yake tunanin ranar da za a ce an gama? Yaron da ya bar gona da makaranta yana ɗan shekara 17, ya yi shekaru hannunsa bai san komai ba sai kunamar bindiga, idan gonar ta zama daji, kasuwar ta mutu, ina zai kai wannan sana'a? Mai kuɗin saye ba ya ƙarewa: ɗan siyasa, mai haƙar zinariya, ko wanda ake yaƙa jiya.

Zumbach ba a haife shi sojan haya ba. An gama amfani da shi ne, aka bar shi ba masauki. Shi ya sa duk lokacin da ake maganar ɗaukar 'yan sa-kai, ya kamata mu tambayi shugabanni tun yanzu: bayan yaƙi fa? Gona, jari, makaranta, wanne aka tanada?

Idan kuna da ɗan'uwa a cikin masu tsaron gari, ku tambaye shi abin da yake so ya yi idan zaman lafiya ya dawo, ku rubuto mana amsarsa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.