Haraji da Hanya a Ƙasar Ƙaura, Zurmi da Shinkafi

A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda, a nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da auduga Turawa suka biyo, da fatu da ƙiraga. Amma jirgi ba ya shiga gona. Dole sai an samu hanyar da za ta ɗauko buhuna daga Zurmi da Moriki da Shinkafi, da ƙananan garuruwa irin su Sakajiki, ta kai su bakin tasha. Da farko jakuna da raƙuma suka yi wannan dako, daga baya motoci suka shigo. Tun daga nan aka fara tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: wa zai yi hanyar, kuma da kuɗin wa?

Amsar Turawa ita ce talaka, da ƙarfinsa da aljihunsa duka. Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga bai rushe tsarin sarauta ba, sai ya ɗora masa kaya. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta tattara kuɗaɗen da ake karɓa a da ta mai da su haraji guda, jangali kuma ya zauna a kan shanu. Cikin 'yan shekaru aka kafa baitulmalin En'e, ana raba abin da aka tara tsakaninsa da gwamnati, da farko rabi da rabi. Ƙasashen Ƙaura da Zurmi duk a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato suke a lokacin.

Yadda ake yanka harajin ya cancanci a tsaya a kai, don a nan ne talaka ya fi saduwa da hukuma. Malamin haraji zai fito da littafinsa, mai unguwa ya jero masa magidanta da samarin da suka isa riƙe fartanya. A yanka wa gari kuɗi a dunƙule, dagaci ya raba wa mutanensa gwargwadon ƙarfin da ya ga kowa yana da shi, ko gwargwadon yadda suke da shi. Bayan kaka ake karɓa, kuma da kuɗin Turawa, ba a karɓar damin gero. Wannan sharaɗi kaɗai ya tura manoma ga gyaɗa, ya tura samari cin rani. Wanda ya kasa biya yakan sayar da akuya ko hatsin da ya ajiye wa damina, wani ya bar gari cikin dare. Jangali kuwa da damina ake ƙirga shi, lokacin da Fulani suka zauna a mashekari, kuma da yake iyakar ƙasar Faransa tana kusa, garke da yawa kan tsallaka kafin masu ƙirga su iso. Hatta Sardauna Ahmadu Bello, da aka kai shi Gusau a 1938 ya kula da gundumomin gabas, kuɗin jangali aka tuhume shi a kai a 1943, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi.

Biyan haraji bai fid da mutum daga aikin hanya ba. Da zarar ruwa ya ɗauke, hakimi zai aiko a fito, kowane gari ya share rabonsa, a cike kwazazzabai, a yi wa rafi gadar itace wadda ruwan baɗi zai tafi da ita. Yawancinsu hanyoyin rani ne, da damina sai a rufe su ga motoci. A 1933 aka yi dokar da ta taƙaita aikin tilas, amma ta bar ƙofa ga abin da aka kira aikin gari, sa'an nan lokacin yaƙin Hitila aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Kaso mai tsoka na kuɗin baitulmali a albashin sarakuna da alƙalai da 'yan doka yake tafiya, aikin hanya ya samu abin da ya rage. Duk da haka, gaskiya ɗaya ce: a zamanin nan akwai littafi, akwai rasit, an san abin da kowane gari ya bayar. Abin da talaka ba shi da shi shi ne bakin tambaya.

Wannan baki NEPU ta nema masa tun kafuwarta a 1950, haraji da jangali na cikin manyan abubuwan da Malam Aminu Kano da mutanensa suka yi ta suka. Sai a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su, daga nan kuma harajin kai ya yi ta ja da baya a Arewa. Kafin wannan, gyaran 1976 ya riga ya binne En'e, ya kafa ƙananan hukumomi masu samun kaso daga asusun tarayya, wato kuɗin man fetur. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato, da ƙananan hukumomi 14, Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi na cikinsu.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya fayyace aikinsu. Su ne masu yi da gyara hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa, masu kula da kasuwa da tasha da mayanka, masu ba da lasisin keke da amalanke, kuma su ke ƙiyasta gidaje don kuɗin da majalisar jiha ta yanka. Manyan hanyoyi, irin wadda ta tashi daga Gusau ta bi Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Ƙaura zuwa Zurmi da Jibiya, sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Nata su ne hanyoyin burji da kwalbatocin da manomi ke bi ya fito da amfaninsa, kuma su aka fi mantawa da su. Sashe na 162 ya sa kuɗin ƙananan hukumomi su fara sauka a asusun haɗin gwiwa da jiha. Shugaban ƙaramar hukuma, wanda sau da yawa kantoma ne da gwamna ya naɗa, ya koma duban Gusau maimakon duban ƙauye. Mutanen da aka sauke wa haraji su ma suka daina tambaya, don kuɗin bai fito daga hannunsu ba. A ganina wannan ita ce babbar asarar da aka yi ba tare da an lura ba.

Sai 'yan bindiga suka shigo wannan giɓi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, kasuwa irin ta Shinkafi da ke tara fatake har daga Nijar ta tsaya, kuɗin kasuwa da na tasha da ƙananan hukumomi ke ɗan samu suka tsaya tare da ita. A watan Oktoba na shekarar aka kai wa Sakajiki hari, aka kashe mutane. Garuruwa irin su Moriki sun ga yadda ɗan bindiga Bello Turji da yaransa ke yanka musu miliyoyin naira, su kuma su raba wa gida gida, kusan yadda dagaci ke yi a da, sai dai babu rasit, babu kotun ɗaukaka ƙara. Ana biya don a yi noma, ana biya don a girbe.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ya kamata shugabannin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi su riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon sakatariya kowane wata, da sunan kowace hanya da kwalbati da aka ce an yi, don kansilan Sakajiki ya iya karanta wa mutanensa, su je su duba da idonsu.