Yadda Masu Rubuta Manhaja Suka Koyi Ajiyar Ko-ta-kwana

Matashin da ya taso daga Gwiwa ko Roni ya shiga makarantar fasahar sadarwa ta Kazaure, wadda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, in dai ya ɗauki layin rubuta manhaja, ba zai daɗe ba zai haɗu da Git. Za a ce masa ya tura aikinsa shafin GitHub ya kwantar da hankalinsa. Ba kasafai ake faɗa masa irin asarar da aka tafka kafin a kai ga wannan kwanciyar hankali ba.

Matsalar tsohuwa ce: mutane da yawa suna gyara rubutu ɗaya, kuma ana son sanin wa ya canja me, yaushe. Don magance ta, a 1972 Marc Rochkind ya ƙirƙiro manhajar SCCS a Bell Labs ta Amurka, RCS ta biyo baya a 1982, sai CVS, sai Subversion a 2000. Su CVS da Subversion tarihin aiki gaba ɗaya a uwar garke ɗaya suke tara shi. In faifanta ya lalace, aikin shekaru ya tafi, sai abin da aka kwafa a kaset daren jiya.

Linus Torvalds ya sauya wannan tsari a Afrilun 2005, bayan masu gina Linux sun rasa damar amfani da manhajar BitKeeper kyauta. A Git ɗin da ya rubuta, duk wanda ya sauke aiki ya sauke tarihinsa duka. Daga nan wasu suka ɗauka an gama da maganar ajiya, tunda kwafi yana hannun kowa.

Ƙungiyar masu rubuta manhaja ta KDE ce ta ɗanɗana kuɗar wannan zato a Maris 2013. Faifan babbar uwar garkensu ya gurɓace, sauran na'urorin da aka ajiye don kwafar ta kuwa suka yi aikinsu babu musu: suka kwafi ɓarnar, suka shafe mai kyau. Ma'ajiyar ayyuka wajen 1,500 ce ta kusa salwanta. Na'ura ɗaya tak ta tsira, ita ma sa'a ce ta sa ba ta yi kwafi a lokacin ba. Manomin Gwiwa zai gane wannan da wuri, domin rumbu biyu ba su da amfani in ana zuba musu gero mai ƙwari daga buhu ɗaya.

Labarin da ya fi girgiza masu wannan sana'a shi ne na kamfanin GitLab, daren 31 ga Janairu 2017. Wani injiniya da ya gaji yana ƙoƙarin gyara na'urar da ke kwafar bayanansu, sai ya ba da umarnin gogewa a kan babbar ma'adanar bayanai. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. Aka juya ga ajiya, aka tarar hanyoyi biyar da kamfanin yake taƙama da su babu wadda take aiki yadda ya kamata. Manhajar pg_dump da ke kwafar bayanan tsohon samfuri ce, ba ta jituwa da ma'adanar, ta daɗe tana faɗuwa, saƙonnin gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin haɗarin. Rubutun manhajojin jama'a bai taɓu ba, amma bayanan ayyuka kusan 5,000 da asusun mutane wajen 700 sun ɓata. A ganina abin yabo ɗaya ne a wannan badaƙala: sun nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, suka kuma wallafa kurakuransu ɗaya bayan ɗaya.

Dawo da bayanan ya ci kusan awa 18, kuma a nan ne maganar gudu ta shigo. Ajiyar da za ta ɗauki yini kafin ta dawo, kamfani a rufe yake duk wannan yinin. Maganin da aka daɗe ana bi shi ne raba aikin gida-gida, kowane kaso na'ura ta ja shi lokaci guda da sauran. Manhajar ma'adanar bayanai ta PostgreSQL ta fara dawo da bayanai ta wannan hanya a 2009, ta ƙara da ɗaukar kwafi a 2013. Sai dai rabon yana da sharaɗi. Dole duk kason su nuna halin da ma'adanar take ciki a daƙiƙa ɗaya, in ba haka ba a dawo da tarihin da gabansa bai san bayansa ba. Kuma in faifan ne mai nawa, kamar yadda ya faru da GitLab, yawan hannu ba ya ƙara sauri.

Shi ya sa rubuta ƙa'idar dawowa ya zama sashe na aikin kansa: wane umarni ake fara bayarwa, kaso nawa faifan zai iya ɗauka, wane samfurin manhaja ya dace da wanne. Bayan haɗarin, GitLab ta ɗora alhakin ajiya a wuyan mutum takamaimai, ta kuma shirya gwada dawo da bayanai a kai a kai, tun kafin wani abu ya lalace.