Farasitamol: Abin da tarihi ya koya wa iyaye daga Jos zuwa Maourey

Duk wanda ya bi ta shatale-talen Maourey a Yamai ya san masu tallar magani a kan tire da cikin kwali. Abin da aka fi nema a wurinsu shi ne farasitamol. Yaro ya tashi da zafin jiki, sai uwa ta aiki yayansa da 'yan kuɗi. Ɗalibi ya yi kukan ciwon kai, sai malami ya ciro ƙwaya daga aljihu. Sabo ya sa mun daina jin tsoronsa, alhali tarihinsa yana ɗauke da gargaɗi iri biyu.

An fara haɗa sinadarin ne a Amurka tun a shekarun 1870, amma aka yi watsi da shi kusan shekara saba'in. Sai a 1948 wasu masana biyu, Bernard Brodie da Julius Axelrod, suka nuna cewa shi ne ke kashe zafi a cikin tsofaffin magungunan da ake sha a lokacin. A 1955 ya shiga kasuwar Amurka da sunan Tylenol, a matsayin maganin ruwa na yara, a 1956 kuma Ingila ta fitar da Panadol. Mu a Nijar mun fi sanin Doliprane da Efferalgan na Faransa. Suna ne kawai ya bambanta, abin da ke ciki ɗaya ne.

Gargaɗi na farko ya zo a 1966, lokacin da likitoci a Birtaniya suka ba da rahoton cewa shansa fiye da ƙima yana lalata hanta. Hanta ce ke sarrafa maganin, kuma wani ɗan kaso nasa yana komawa guba wadda jiki ke iya kashewa idan ba ta da yawa. Idan aka wuce ƙima, gubar sai ta rinjayi hanta. Abin tsoron shi ne, a ranar farko mutum zai iya zama kamar lafiyarsa lau, sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ya bayyana. Wannan ne ya sa a 1998 Birtaniya ta taƙaita kwali ɗaya zuwa ƙwaya 16 a kantuna, a 2020 kuma Faransa ta hana a ajiye shi inda mai saye zai ɗauka da kansa.

Gargaɗi na biyu a ƙofar gidanmu ya faru. A 1990, yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan an ba su farasitamol na ruwa, jimillar waɗanda suka rasu a Najeriya kuma ta kai 109. Ba farasitamol ɗin ne ya kashe su ba. Masu haɗa maganin sun narka shi da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sakawa a man birkin mota, wanda ke tsayar da ƙoda. A ƙarshen 2008 abin ya maimaita kansa da My Pikin, maganin haƙori na jarirai mai ɗauke da farasitamol. Asibitocin Legas da Ibadan da Zariya suka ga yara sun daina fitsari, kuma 84 suka rasu. A 2013 kotu a Legas ta ɗaure ma'aikata biyu na kamfanin Barewa shekara bakwai-bakwai. A 2022 irin wannan guba a cikin maganin tari ta kashe yara kusan 70 a Gambiya.

To, me ya rage gare mu? Na farko, a sayi magani a kantin da ke da lasisi, domin mai tire bai san inda kwalbarsa ta fito ba. Na biyu, awon yaro ya danganta ne ga nauyinsa: miligiram 15 ga kowane kilo, tazarar awa shida, kada a wuce sau huɗu a yini. Yaro mai kilo 10 ke nan miligiram 150 ya ishe shi. A yi amfani da ma'aunin da ya zo da kwalbar, ba cokalin shayi ba. Babba kuma kada ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita. A duba kwalin maganin mura, domin da yawa suna ɗauke da farasitamol, sai a ninka ba a sani ba.

Malamai, kafin ku ba ɗalibi ƙwaya, ku tambayi abin da aka ba shi a gida. Iyaye, ku tuna farasitamol yana sauke zafin jiki ne kawai, ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro. A ƙasarmu yaro mai zazzaɓi gwajin jini yake bukata a ranar, musamman da damina. Idan jariri ne da bai kai wata uku ba, ko yaro ya fara jijjiga, ko ya daina fitsari, ko ya haɗiyi ƙwayoyi da yawa ko da yana wasansa, a garzaya asibiti tare da kwalin maganin. Allah Ya raya mana su.