Kyamara Ɗaya Ga Kowane Irin Hoto: Iyakar Da Haske Ya Gindaya

Mai shirin sayen kyamara yakan so wadda za ta yi masa komai, daga fuskar amarya zuwa tsuntsun da ke can ƙololuwar rimi. Kamfanoni sun daɗe suna neman ƙera irinta, amma ɗabi'ar haske kansa ce ke tare musu hanya.

A cikin kowace kyamarar zamani akwai faranti mai karɓar haske, wanda ake kira sensa. Wanda ƙwararru suka fi so yana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, ma'aunin da aka gada daga fim ɗin Leica, kyamarar da Oskar Barnack ya tsara, ta fito kasuwa a Jamus a 1925. Babban sensa yana tara haske mai yawa, shi ya sa hoton dare ke fitowa tas. Sai dai yana tafiya da babban gilashi. Ana samun faɗin ƙofar gilashi ne ta hanyar raba tsawonsa da wata lamba da ake kira lambar f, don haka gilashi mai tsawon milimita 600 a kan f/4 dole ƙofarsa ta kai milimita 150. Nauyinsa yakan kai kimanin kilo 3. Shi ne wanda ake gani a gefen filin ƙwallo, kuma babu mai rataya shi ya kutsa cikin cunkoson kamu.

Kamfanin Nikon ya gwada haɗa komai a kyamararsa P1000 ta 2018, mai zuƙowa har sau 125. Tana nuna ramukan fuskar wata, abin sha'awa ƙwarai. Amma don a iya ɗaukar ta a hannu, sai aka sa mata sensan da faɗinsa bai kai milimita 7 ba, saboda haka da magariba ta kawo jiki hotonta yakan dushe. Taura biyu ba ta taunuwa.

Manyan masu hoto sun gane haka tun da daɗewa. Ansel Adams ya ɗauki duwatsun Yosemite na Amurka da ƙatuwar kyamara mai fim inci 8 da 10, kafe a kan ƙafa uku, don dutse ba ya gudu. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya riƙe ƙaramar Leica da gilashin milimita 50 domin mutanen titi kada su ankara da shi. Wanda ya fi burge ni shi ne Seydou Keïta na Bamako: fim ɗinsa mai santimita 13 da 18 ne ya sa har yau ake iya bin zanen atamfar da matan da ya ɗauka suka ɗaura, fure bayan fure. Da za a kai kyamararsa wajen jahi a hawan sallah, kafin ya gama saita ta dawakan sun wuce.

Ko wayar hannu shaida ce. Gilasai biyu ko uku da ke bayanta kyamarori ne daban-daban, kowacce da sensanta, manhaja ce ke zaɓa tsakaninsu.

Mai karatu, kafin ka shiga kasuwa ka tantance aikin da za ka fi yi. In biki ne, nemi mai gani a duhu. In tsuntsaye ne ko wasanni, kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi ga gilashi.