Bindigar magnum: asalinta, fina-finan da suka ɗaga ta, da matsayinta a Sudan

Magnum suna ne na wani rukunin harsasai masu ƙarfi da kuma ƙananan bindigogin da ke harba su. Akasarinsu libarba ne, wato bindigar hannu mai gangar da ke juyawa, wadda Faransawa ke kira revolver, Larabawan Sudan kuma su ce musaddas ko ɗabanja. Mutane da yawa a Khartum da Omdurman, kamar a Kano da Maraɗi da Njamena, a fim suka san ta. Sai dai tunanin da ya haife ta, cewa babban harsashi ne ke tsayar da mutum nan take, yana da tarihi a yaƙe-yaƙen da Turawan Ingila suka yi a Sudan.

Yadda take aiki

Gangar libarba tana da ramuka, galibi shida, kowanne da harsashi ɗaya. Duk lokacin da aka ja kunama ganga takan juya ta kawo sabon harsashi daidai da bututun bindigar. Abin da ya raba magnum da sauran libarba shi ne kwanson harsashinta ya fi tsawo, yana ɗaukar albarushi mai yawa, an kuma ƙarfafa jikin bindigar don ta jure.

Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ne ya fito da .357 Magnum a 1935. A tsakiyar shekarun 1950 ya fito da .44 Magnum tare da kamfanin Remington, bayan gwaje-gwajen wani maharbi mai suna Elmer Keith. Ita ce bindigar da daga baya aka sa wa suna Model 29. Kan harsashinta na yau da kullum yana da nauyin kusan giram 15 da rabi, yana kuma fita da gudun da ya kai mita 400 a daƙiƙa ɗaya. Bindigar kanta ta wuce kilo ɗaya. An tsawaita kwanson da kusan milimita 3 da gangan, don kada ya shiga tsofaffin bindigogi ya fasa su. Don farautar manyan namun daji aka fi amfani da ita, 'yan sanda da sojoji ba su rungume ta ba.

Rawar da fim ya taka

Kasuwar Model 29 ba ta taka kara ta karya ba sai a 1971, lokacin da fim ɗin Dirty Harry ya fito. Clint Eastwood ya fito a matsayin ɗan sandan San Francisco da ke riƙe da ita, yana gaya wa ɗan fashi cewa babu bindigar hannu da ta kai ta ƙarfi a duniya. Bayan fim ɗin ta yi ƙaranci a shagunan Amurka, har ana sayar da ita sama da farashinta. Magnum Force na 1973 da Taxi Driver na 1976 sun ƙara mata suna. Tuni wasu suka wuce ta ƙarfi, kamar .500 Magnum da Smith & Wesson ya fitar a 2003.

Akwai abubuwan da fim ba ya nunawa. Bindigar tana shuri baya da ƙarfi, tana ɗaga hannu sama, don haka wanda bai saba ba da wuya ya sami abin da ya auna a harbi na biyu. Ƙararta ta wuce desibel 160, alhali daga 140 ƙara guda ɗaya na iya lalata ji. Wuta da iska mai zafi suna fita ta tsakanin ganga da bututu, suna iya yanke yatsan da aka ɗora a wurin. Harsashin kan huda ƙofa ko siririn bango ya sami wanda ke bayansa. Shi kuwa mutumin da ake gani a fim yana tashi sama idan an harbe shi, ƙirƙira ce: da harsashi na da wannan ƙarfin, da mai harbin ma ya faɗi.

Alaƙarta da Omdurman

A shekarun 1880 sojojin Ingila sun gwabza da Ansar, mabiya Mahadi Muhammad Ahmad, waɗanda ke kai hari da takobi da mashi ba tare da ja da baya ba. A irin wannan faɗa na gaba da gaba hafsoshin Ingila sun fi yarda da libarba mai faɗin baki. A 1887 rundunarsu ta karɓi Webley mai harsashin .455, wanda ya ɗan fi na .44 Magnum kauri, ko da yake bai kai rabin ƙarfinsa ba.

Duk da haka ba libarba ce ta yanke hukunci a Karari ba, arewa da Omdurman, ranar 2 ga Satumban 1898. Igwa da bindiga mai ruwa ta Maxim da bindigogin kafaɗa na rundunar Kitchener ne suka kashe mutanen Halifa Abdullahi kimanin dubu 10 a rana ɗaya, yayin da ɓangaren Ingila da Masar ya rasa ƙasa da 50. Winston Churchill, wanda yake matashin hafsa a ranar, fistol ɗin Mauser mai harsashi 10 ya riƙe saboda ciwon kafaɗa ya hana shi amfani da takobi. Fim ɗin Young Winston na 1972 ya nuna wannan, kamar yadda Khartoum na 1966 ya nuna kisan Janar Gordon a Janairun 1885.

Shekara biyar bayan Karari, a 1903, sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, ya zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi, a garin da har yau ake kira Maiurno, ɗaya daga cikin cibiyoyin Hausawa da Fulanin Sudan.

Abin da doka ta ce

A Sudan dokar makamai da harsasai da abubuwan fashewa ta 1986 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, da ta Kinshasa ta 2010 wadda ta shafi Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya, duk sun tsananta ketare iyaka da makami. Lasisin ƙasa ɗaya ba ya aiki a wata. Ɗan kasuwa ko ɗan gudun hijira da aka kama da bindiga a shingen Adre ko Gallabat, ko da ajiya aka ba shi, shi zai amsa tuhuma.

Makamin da ya cika gari

Bindigar da ta addabi Sudan ita ce Kalashnikov, wadda ake kira kalash. Tana ɗaukar harsashi 30, kowanne ya fi na .44 Magnum ƙarfi, ga araha, ga harsashinta a ko'ina. Sudan na ƙera makamai da kanta tun kafa hukumar masana'antun soja a 1993, wadda ke da masana'antar Yarmuk a kudancin Khartum. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hula a ƙasar na riƙe da bindigogi kusan miliyan 2.8. A shekarar ce gwamnati ta ƙaddamar da gangamin karɓe makamai a Darfur da Kordofan.

Hausawa na cikin waɗanda yawaitar makamai ta shafa. Rikicin jihar Nilu Shuɗi a Yuli da Oktoban 2022 ya kashe ɗaruruwan mutane, ya raba dubbai da gidajensu, ya kuma jawo zanga-zangar Hausawa a Khartum da Kasala. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya ƙara watsa bindigogi cikin unguwanni, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, lokacin da aka yi ta kiran fararen hula su ɗauki makami. Sojoji sun ƙwato Khartum a Maris ɗin 2025. Mazauna da ke komawa gidajensu suna tarar da harsasai da gurneti da ba su fashe ba, kuma hukumar kawar da nakiyoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya na gargaɗin kada a taɓa su, a hana yara kusantarsu, a sanar da jami'ai.