Majami'ar Mill Hill ta Leeds da 'Ya'yanta da Yaƙi Ya Ci

A 1662 majalisar dokokin Ingila ta tilasta wa limaman coci bin littafin addu'a guda. Kusan dubu biyu suka ƙi, aka raba su da muƙamansu. Daga cikin mabiyan irin waɗannan limamai ne jama'ar Mill Hill ta fito a birnin Leeds. Da Sarki Charles na Biyu ya sassauta a 1672 suka samu damar taruwa a fili, a 1674 kuma suka gina ɗakin ibadarsu na farko.

Da farko aƙidarsu ta Firesbiteriyan ce. Sannu a hankali suka koma Unitariyan, wato masu cewa Allah ɗaya ne tilo, ba uku cikin ɗaya ba, maganar da doka ta ci gaba da hukuntawa har 1813. Wanda ya fi kowa suna a limamansu shi ne Joseph Priestley, da ya riƙe majami'ar daga 1767 zuwa 1773. A Leeds ɗin ne, yana maƙwabtaka da masana'antar giya, ya gano yadda ake cusa iska a ruwa, asalin ruwan soda ke nan. Mutum-mutuminsa na nan a dandalin City Square, dab da majami'ar.

Arziki ya zo daga baya. Attajiran ulu irin zuriyar Lupton da masu ƙera kan jirgin ƙasa irin zuriyar Kitson nan suke ibada, har aka riƙa yi wa wurin kirari da sheƙar magadan gari. Wata doka ta 1844 ta tabbatar wa 'yan Unitariyan mallakar gine-ginensu, sai ga sabon gini a 1848, zanen Bowman da Crowther. Abin mamaki, salon Gotik suka zaɓa, na dutse da dogayen tagogi masu tsini da gilashi mai launi, wato kamannin cocin gwamnatin da ya kori kakanninsu. A ganina ginin sanarwa ce cewa sun daina zama saniyar ware.

Kuɗin wannan karɓuwa kuwa yaƙin 1914 ne ya zo karɓa, kuma majami'ar ta kafa abin tunawa da 'ya'yanta da ba su dawo ba. Francis Martineau Lupton ya rasa 'ya'yansa maza uku duka: Maurice a 1915, Lionel a 1916, Francis a 1917. 'Yar'uwarsu Olive ita ce kakar mahaifin Catherine, matar Yarima William.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jogendra Nath Sen, ɗan Chandernagore a yankin Bengal. Ya karanta injiniyanci a Jami'ar Leeds, yana kuma rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan Mill Hill. A 1914 ya shiga bataliyar 'yan sa-kai ta Leeds Pals. Duk da iliminsa, ƙa'idar soja ta lokacin ta hana wanda ba Bature ba zama hafsa, don haka a ƙaramin soja ya tsaya. An kashe shi a Faransa a watan Mayun 1916, kuma sunansa na cikin jerin da jami'ar ta rubuta na matattunta. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa, ranar 1 ga Yuli, aka tura bataliyarsa gaba a Serre, rana ta farko ta gumurzun Somme, inda aka kashe ko aka raunata ɗaruruwan samarin Leeds cikin safiya guda.