Yadda Aka Gano Awon Wutar Lantarki

A ƙasar Kura da Bunkure ana noman shinkafa da alkama da tumatir da rani, saboda madatsar ruwa ta Tiga wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ba inji ke turo ruwan nan zuwa gonakin Kadawa ba. Tiga tana kan tudu, gonaki suna ƙasa, sai ruwa ya gangaro ta babbar hanyar da aka gina masa. Manomin wurin ya san abu uku ba tare da ya shiga makaranta ba: tudu ke tura ruwa, ruwan da ke wucewa yakan yi yawa ko kaɗan, kuma in hanya ta ƙuntata ko ciyawa ta toshe ta, sai gudunsa ya ragu. To, haka wutar lantarki take cikin waya, amma an daɗe kafin a gane.

A 1800 wani mutumin Italiya, Bolta, ya haɗa batir na farko. A 1820 wani Bafaranshe, Amfiya, ya binciki yadda wuta ke gudu cikin waya. Aka sami turi, aka sami gudu, amma ba wanda ya nuna yadda ɗaya ke bin ɗaya.

Wanda ya warware wannan wani Bajamushe ne, sunansa Om, an haife shi a 1789. Ubansa maƙerin kwado da mabuɗi ne, shi kuwa malamin makaranta ne a birnin Kolon, ba shi da wani babban muƙami. Batir na zamanin ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya, yana ta ruɗa masa awo. Sai ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗaya cikin ƙanƙara, ya sami turin da ba ya sākewa. Sa'an nan ya riƙa gwada wayoyi, doguwa da gajera, yana rubuta abin da ya gani. A 1827 ya buga littafi, ya nuna cewa in an ninka turi, gudu ya ninka. In waya ta ƙara tsawo ko siranta, turjiyarta ta ƙaru, gudu ya ragu.

Manyan masanan ƙasarsa ba su karɓi maganar ba. Ya bar aikinsa, ya zauna wajen shekara shida cikin ƙunci. Sai da masanan Ingila suka ba shi lambar girma a 1841 mutanensa suka waiwaye shi, kamar yadda aka saba. Kujerar da ya daɗe yana nema a jami'ar Munik kuwa bai same ta ba sai 1852, ya mutu a 1854. A wani taro a Faris a 1881 aka tabbatar da sunayen awo: bolt domin turi, amfiya domin gudu, om domin turjiya. Daga baya aka ƙara wat domin ƙarfin aiki, don tunawa da Jems Wat, mai gyaran injin tururi.

Lissafin kuwa, duk wanda ya iya sau da rabawa zai iya shi. A raba bolt da amfiya, abin da ya fita shi ne om. A yi bolt sau amfiya, abin da ya fita shi ne wat. Misali, wutar gida a Nijeriya wajen bolt 230 ce. In dutsen guga yana jan amfiya 5, to, 230 a raba da 5 ya ba da om 46, turjiyarsa ke nan. 230 sau 5 kuma ya ba da wat 1,150. Turawa suna ƙidaya wat 746 a matsayin ƙarfin doki ɗaya, ashe dutsen guga ya fi doki ɗaya da rabi.

Akwai wani abu kuma da Jul, mutumin Ingila, ya gano wajen 1840, wanda ya kamata masu injin casar shinkafa a Kura su riƙe. Waya kanta tana da turjiya, tana kuwa mai da wani kashi na wutar zafi. Wayar da ke da om 1, in amfiya 10 na bi ta cikinta, wat 100 ke salwanta. In aka ɗora mata amfiya 20, asarar ba 200 ba ce, 400 ce, gama gudu sau gudu sau turjiya ake yi. Dalili ke nan da siririyar waya ke narke robarta, ta jawo gobara. Haka kuma in wuta ta zo ba ƙarfi, watau bolt ya ragu, injin da aka ɗora wa kaya yakan ja amfiya fiye da ƙima don ya cika aikinsa, har wayoyin cikinsa su ƙone, mai shi yana cewa makanike ne bai iya ba.

Lokacin da En'e ta Kano ta kafa injin lantarki a Chalawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wuta ba ta da nisan tafiya zuwa birni. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, sai tafiya ta zama ta ɗaruruwan mil. Da an aiko ta a bolt 230, da duk ta ƙare a hanya. Saboda haka aka ɗaga ta zuwa bolt 330,000, don amfiya ta yi kaɗan ƙwarai, ƙarfin aikin kuwa bai ragu ba. Sai ta iso Kumbotso ake sauke ta mataki mataki, har ta kai awon da kwan fitila zai iya ɗauka.